Ra'in Hall a Ma'aunin Kulob na Rediyo

A 1973 Stuart Hall na Jami'ar Birmingham ya nuna cewa saƙon kafar watsa labarai ba allura ba ne da ake tsira wa jama'a. Mai sauraro kan karɓe shi ɗungurungum, ko ya ɗauki sashe ya bar sashe, ko ya juya masa baya. Ra'in ya yi ma'ana, sai dai bai kula da wurin da ake yanke hukuncin ba.

Tun 1962 aka kafa kulob-kulob na rediyo a Nijar: manoma su taru su saurari shiri, su yi muhawara, jagora ya naɗi muryoyinsu ya aika Yamai. A gari irin Sabon Maci na ƙasar Dakoro, labarin farashin gero ba ya zaunawa sai an tauna shi a dandali, dattawa sun amince. A nan Katz da Lazarsfeld, da suka ce a 1955 saƙo kan bi ta bakin masu faɗa a ji, sun fi kusa da gaskiya.

Kulob ɗin ma bai tsira daga aibi ba. A Yamai aka riƙa zaɓen batu, can kuma aka riƙa tace muryar manomin da za a watsa.