Rigar Jackie Robinson ba ta isa ba

Duk ranar 15 ga Afrilu, 'yan wasan babbar gasar besbol ta Amurka kan fito fili kowa da lamba 42 a bayan rigarsa, babu sunan kowa. Lambar Jackie Robinson ce, wanda a wannan rana ta 1947 ya buga wa Brooklyn Dodgers, bayan an shafe fiye da shekara 60 ba a bar baƙar fata ya taka filin gasar ba. A 1997 aka jingine lambar a duk ƙungiyoyi, tun 2009 kuma kowa ke sa ta ranar tunawa da shi.

Karramawar ta dace. Abin da ke damuna shi ne yadda bikin ya mai da Robinson mai haƙuri kawai. Gaskiya ne ya yi wa shugaban ƙungiyar, Branch Rickey, alkawarin ba zai rama ba, ya shanye zagin 'yan kallo da wasiƙun barazanar kisa. Amma mutumin nan ba mai sunkuyar da kai ba ne. A 1944, yana soja a Texas, ya ƙi komawa kujerar bayan bas, aka gurfanar da shi a kotun soja, ta wanke shi. A Oktoban 1972, kwana tara kafin rasuwarsa, ana karrama shi a Cincinnati, ya shaida wa taro cewa farin cikinsa zai fi haka ranar da ya ga baƙar fata yana jagorantar ƙungiya. Sai 1975 Frank Robinson ya samu wannan matsayi a Cleveland.

Yau fa? A wasannin ƙarshe na 2022 tsakanin Houston da Philadelphia, babu baƙar fata haifaffen Amurka ko ɗaya a cikin 'yan wasa, abin da rabon a gani tun 1950. Besbol na yara ya koma harkar masu hali: kuɗin kayan wasa, kuɗin koci, kuɗin tafiye-tafiye. Ɗan talaka tun daga nan yake faɗuwa.

Matar Jackie Robinson, Rachel, ta fahimci gadon da ya bari, shi ya sa a 1973 ta kafa gidauniyar da ke ɗaukar nauyin karatun ɗalibai. Masu ƙungiyoyi su bi sahunta: su gyara filaye a unguwannin marasa ƙarfi, su buɗe ƙofar shugabanci. Buɗe ƙofar nan shi ne abin da Robinson ya nema da bakinsa, kuma har yanzu ba a gama biyan bashin ba.