Kango a kan Tebur: Sharhi kan Fasahar Ƙera Ƙananan Biranen da Yaƙi ya Rusa

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wani aikin hannu wanda yawancin masu yin sa ba da shi suke cin abinci ba, amma suna ba shi lokacin da wani ba ya ba sana'arsa. Mutum zai sami ɗan allon katako da bai fi faifai biyu faɗi ba, ya gina kusurwar wani titi na birnin Stalingrad ko Berlin a kansa, kamar yadda yaƙin duniya na biyu ya bar shi: bangon bene mai hawa uku ya tsage daga sama har ƙasa, tagogi ba gilashi, tulin jan bulo ya toshe hanya, ga tankar yaƙi tsaye a tsakiya, sojoji huɗu ko biyar na laɓe bayanta. Mafi tsawo cikin sojojin nan bai kai ɗan yatsa ba. Wannan shi ake kira diyorama, kuma yana da mujallunsa da gasanninsa da gwanayensa.

Duk wanda ya ga hoton irin wannan aiki, abin da zai fara kama shi shi ne mamakin ƙwarewa. Daga baya wata tambaya ke biyowa: gidan nan da aka rusa da kyau haka, na wane ne? Tambayar da ta fi dacewa a auna fasahar da ita ke nan, domin sau da yawa ta faɗi gaskiya game da ƙarfe da bulo, ta yi shiru game da masu gida.

Asali da ma'auni

Kalmar ta fito ne daga Paris, inda Louis Daguerre da Charles-Marie Bouton suka buɗe wani gidan kallo a 1822, mai manyan zane-zane da ake sauya musu haske har mai kallo ya ɗauka gari ne ke wayewa a gabansa. Tun a wancan lokaci kango na cikin abin da ya fi jan jama'a, kamar rusasshiyar majami'ar Holyrood ta ƙasar Sukotlan. Ke nan sha'awar kallon rusau daga wuri mai aminci ta girmi tankar yaƙi.

Diyoramar yau ta tsayu ne a kan ma'aunin 1/35, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa tun daga farkon shekarun 1960. Bisa wannan ma'auni, mutum mai tsawon mita 1,75 yana komawa santimita 5, bulo mai santimita 25 kuwa yana komawa kimanin milimita 7. Ba'amurke Sheperd Paine ne ya tsara ƙa'idojin aikin cikin littafinsa na 1980, inda ya nace cewa diyorama labari ce, dole kowane abu a kan allon ya ja ido zuwa wuri guda. François Verlinden na Beljiyam ya shahara da dabarun fenti da kuma sayar da rusassun bangaye shiryayyu, sannan ɗan Sifaniya Miguel Jiménez ya fito da salon garin launi da ƙura da tsatsa, wanda ya mamaye fagen tun daga shekarun 2000.

Aikin tsufar da sabo

Zuciyar wannan fasaha ita ce tsufarwa, abin da Faransawa ke ce wa patine. Tankar roba da aka harhaɗa aka fesa wa fenti, abin wasan yara ce kawai. Sai an ɗora mata alamun wahala take zama abin gaskatawa. Da farko a tsinka fenti mai duhu har ya zama ruwa-ruwa, a bar shi ya gangara cikin lunguna da gindin ƙusoshi, ya fito da inuwa. Sannan a ɗauki buroshi, a share kusan dukkan fentin da ke jikinsa, a shafa a hankali bisa gefuna don su yi haske. Inda ƙafar soja ke takawa kullum, sai a ɗiga duhu da ɗan soso, kamar fenti ya ɓare. Wasu na fesa man gyaran gashi tsakanin fenti biyu, idan na sama ya bushe a jiƙa shi, a kankare, na ƙasa ya bayyana. A ƙarshe a barbaɗa garin launi wurin ƙura da taɓo.

Ginin kango ya fi haka wuya. Ana zuba filasta a yi bango, a zana layukan bulo da tsinin allura, a farfasa shi da gangan, a tankaɗe ɓaraguzan don a raba manya da ƙanana. Gwani ya san cewa tulin da ke ƙasa dole ya yi daidai da abin da ya ɓace a sama. Ya san baƙin hayaƙi bisa taga yake tashi. Ya san daɓen katako ba ya faɗuwa gaba ɗaya, yakan rataya ta gefe guda.

Wannan abin yabo ne ba kaɗan ba. Mai wannan aiki ɗalibin hotunan tarihi ne, kuma ya koyi kallon da mutane da yawa ba su iya ba. Ya gane cewa kowane tabo na da sanadi, kuma abu ba ya lalacewa haka kawai. Malamin da ya taɓa fama da ɗalibai kan su lura kafin su yi bayani zai ga darajar wannan horo.

Sai dai ko a nan gaskiyar na da iyaka. A lokacin yaƙin Stalingrad, daga Agusta 1942 zuwa 2 ga Fabrairu 1943, akwai tankokin T-34 da suka fito daga masana'antar tarakta ta birnin suka nufi fagen daga ko fenti ba a yi musu ba. Tankar da ba ta daɗe a duniya ba, ina ta sami tsatsar shekara goma da ake lafta mata? Haka kuma ƙurar ginin da bom ya rusa takan lulluɓe komai da launi guda, toka-toka, mutum da mota da bango. Mai diyorama kuwa yana gudun wannan, domin zai kashe masa kyan launuka. Har zaɓin kayan yaƙin ma ya karkata: tankar Jamus mai suna Tiger I ba a ƙera fiye da 1.350 ba, alhali Sherman ta Amurka ta kusa 50.000, amma a teburan gasa sai mai kallo ya ɗauka Tiger ce ta cika duniya. Abin da ake kira gaskiya a nan, sau da yawa salo ne da ido ya saba da shi.

Ina masu gida?

Babban aibin ya wuce na tsatsa. A mafi yawan waɗannan ayyuka kango dandali ne kawai, an gina shi don tanka ta fito da kyau. Birnin babu kowa sai masu bindiga, kamar an kwashe jama'a an ba sojoji fili. Tarihi bai ce haka ba. Ruwan bama-baman da jiragen Jamus suka fara yi wa Stalingrad ran 23 ga Agusta 1942 ya hallaka dubban farar hula, kuma bayan an gama yaƙin an sami kimanin mutum 10.000 da suka rayu cikin ramuka da ƙarƙashin gine-gine, kusan 1.000 daga cikinsu yara. A Berlin ta 1945 mata da tsofaffi da yara ne suka cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, kuma mata da yawa na cikin waɗanda suka bi ɓaraguzai suna tsince bulo ɗaya bayan ɗaya. Sojojin da ba Turawa ba ma ba kasafai ake tunawa da su ba, irin tirayar Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin ƙwato Toulon a Agusta 1944.

Akwai kuma batun inda ido yake tsayawa. Diyorama a kan tebur take, mai kallo na sama, birni na ƙasa. Wannan kallo na da tarihi: ƙananan siffofin garuruwa masu ganuwa da aka fara ƙera wa Louis na 14 a 1668, waɗanda ake ajiye da wasunsu a Invalides, kayan aikin hafsoshi ne, don shirya tsaro da kai hari. Wanda ya sunkuya bisa kangon santimita 30 ya ari idon hafsa ko na matuƙin jirgin da ya saki bom. Wanda ke cikin rami yana sauraron rugugi bai taɓa ganin birninsa ta wannan fuska ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma ganin da ake yi daga sama yana iya korar tausayi ma.

Zuba gawa ba magani ba ne

Mai karatu zai iya cewa, to a sa gawawwaki mana. An gwada. Ƴan'uwa biyu na Ingila, Jake da Dinos Chapman, sun nuna wani aiki mai suna Hell a Landan a shekara ta 2000: akwatunan gilashi tara cike da dubban ƙananan mutane, sojojin Nazi cikin azaba da kisa. Aikin ya ƙone a gobarar wani ɗakin ajiya a 2004, suka sake wani daga baya. Sun tona asirin abin da diyoramar gasa ke ɓoyewa, amma yawan ya kashe ma'anar. Ido na yawo daga wannan ta'asa zuwa waccan yana neman wadda ta fi muni, kamar mai zagaya kasuwa.

Darasin Hiroshima ya fi zurfi. Shekaru da dama gidan tarihin tunawa da bom ɗin 6 ga Agusta 1945 na nuna mutum-mutumi uku, mace da ɗaliba da ƙaramin yaro, suna tafe cikin kango fata na zazzagowa daga hannuwansu. A 2017 aka janye su, duk da cewa mutane da dama sun ƙi amincewa, kuma da aka sake buɗe babban zauren a 2019 sai aka ba kayan mamatan na ainihi fifiko. Cikinsu akwai keken wani yaro ɗan shekara uku, mai ƙafa uku, wanda mahaifinsa ya binne tare da shi, ya tono bayan shekara 40. Tsatsar wannan keke ba buroshi ne ya sa ta ba. Hujjar masu janyewa ita ce abin da aka ƙera, komai muninsa, bai kai abin da ya faru ba, kuma yana iya tsaya wa gaskiya a gaba.

Waɗanda suka sami hanya

Duk da haka ƙaramar siffa na iya ɗaukar makoki. A gidan magajin garin Würzburg na Jamus akwai siffar birnin kamar yadda ya wayi gari bayan harin 16 ga Maris 1945, wanda cikin kimanin minti 20 ya kashe mutum wajen 5.000. Babu tanka, babu soja, sai gidaje jere ba rufi, kamar ƙoren da aka kwashe abin cikinsu. Ɗan garin na iya nuna titin kakarsa da yatsa.

Mohamad Hafez, masanin zanen gini haifaffen Damaskus da ke zaune a Amurka, ya fara ƙera lungunan tsohon birninsu ne saboda kewar gida. Da yaƙi ya ɓarke a Siriya a 2011, sai gine-ginen nasa suka fara rushewa a hannunsa. Dabarunsa ba su yi nisa da na masu gasa ba: filasta, tarkacen ƙarfe, tsatsa, baƙin hayaƙi. Amma abin da ke tsakiyar aikinsa shi ne shanya a kan igiya, kujerar falo, darduma, har da muryoyin titi da kiran salla da ya ɗauka kafin yaƙi. A wani aikin da ya yi tare da Ahmed Badr a 2017, cikin akwatunan tafiya ya gina ɗakunan da ƴan gudun hijira suka baro. Bambancinsa da sauran ba a hannu yake ba: shi ya san gidan tun yana tsaye.

Ma'aunin ke nan. Diyorama mai daraja ita ce wadda mai kallo zai iya sake gina gidan a zuciyarsa, ya san inda ake girki da inda yara ke kwana, har ya ji nauyin abin da aka rasa. Wadda ta kasa wannan, ko ta ci lambar zinariya, tallar tanka ce.

Malaman tarihi da na harshe da ƙungiyoyin raya al'adu na da abin ɗauka a nan. Ɗaliban kolej da lise na karanta yaƙin 1939 zuwa 1945 a littafi, suna kuma ganin hotunan biranen da aka rusa a wayoyinsu kusan kullum, har ido ya soma sabawa. Yaran Maraɗi da Damagaram da ke ƙera mota da kara da gwangwani ba su rasa hannun gina titi da yumɓu da kwali ba. Idan aka ba su irin wannan aiki, a fara sa su gina titin da ransa, da shagonsa da famfonsa da sunayen mazaunansa, kafin a ba su izinin fasa bango ko ɗaya.