3.4 Harin Tashar Balham a Littafin Atonement

Ranar 14 ga Oktoba, 1940, bom ɗin Jamus ya faɗa saman tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Balham a Landan, ya fasa bututun ruwa. Ruwa da laka suka malale tashar, mutum sama da 60 suka halaka. A littafinsa Atonement (2001), Ian McEwan ya sanya mutuwar Cecilia cikin wannan hari, amma a 'yan kalmomi kawai, ta bakin ƙanwarta Briony wadda tun farko ta ɓoye mutuwar. Wannan taƙaitawa ta ƙarfafa salon, domin mai karatu na ɗanɗanar ɗacin yaudarar da aka yi masa. Sai dai marubucin ya mayar da harin watan Satumba, wanda rauni ne ga littafin da jigonsa gaskiya da ƙarya ne.