Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka, To Ina Ɗaya Hannun?

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun da na dawo daga Bodinga, na ga in ban amayar da ita ba, ba zan samu sukuni ba.

Suna ne ya kai ni gidan yayata. Da hantsi muna tsakar gida ana tankaɗe, sai ga wata yarinya da ba za ta wuce shekara tara ba ta yi sallama, faranti a ka tana tallar ƙuli-ƙuli, ga kuma rigar makaranta a jikinta. Na ce, "Ke 'yammata, yau ba Talata ba ce? Me ya hana ki zuwa makaranta?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, kore mu anka yi, sai mun kai kuɗin gyaran aji."

Da yamma uwarta ta shigo barka, na ja ta gefe. Ashe iskar damina ce ta yaye kwanon aji biyu a makarantarsu, aka yi ta jiran gyara shiru, shi ne iyaye suka yi taro suka yanke wa kowane yaro naira 500. Ta ce, "Wallahi Hajiya ba ƙi nike ba. Ɗiya huɗu gare ni can, ga maigida ya tafi cirani. Na biya ma mazan biyu, matan su ɗan jira." Su ɗan jira! Mai karatu, ke ma kin san inda irin wannan jira yake ƙarewa, daga farantin talla sai ɗakin miji.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ba kushe iyayen da suka haɗa kuɗi nake yi ba, alal hakika sun fi wanda ya naɗe hannu. Kuma taimakon ilmi gadonmu ne a ƙasar nan. Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, tana cikin ƙasar Bodinga. 'Yarsa Nana Asma'u ita ta kafa 'Yan Taru, jajoji suna jagorantar mata daga ƙauyuka su zo ɗaukar karatu, ɗauke da hatsi da zuma da man shanu, a raba wa mabukata. Kin ga abin da suka kawo sadaka ce, ba kuɗin shiga ba ne.

In kika bar Bodinga kika miƙe hanyar Tambuwal, za ki isa Shagari, garin marigayi Alhaji Shehu Shagari. Kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979 malamin makaranta ne, kuma yana yaro sai da aka kai shi Yabo ya yi elamantare. A 1967 shi ne sakataren asusun raya ilmi na Lardin Sakkwato, wanda da gudummawar jama'a ya gina makarantu da dama. To kin ga manufar wancan asusu ita ce a shigo da yaron da ke waje. Mu kuma namu tarin kuɗin ya koma fitar da wanda ke ciki. Nan ne gizo ke saƙar.

Aibi na farko ke nan: gudummawa ta rikiɗe ta zama haraji. Duk ranar da aka tsaya bakin ƙofa da bulala da jerin sunaye, to sunanta ya tashi daga taimako. Kuma ba kan kowa take faɗawa ba sai kan 'ya mace, domin kuwa in kuɗi ya gaza a gida ita ake fara ajiyewa. Alhali a garin Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya na UBE a 1999, dokarsa ta 2004 kuma ta ce karatu daga firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne, har ma ta mai da karɓar kuɗin makaranta laifi. Hatta hukuma ta san kuɗi ne ke tsare 'ya mace a gida, shi ya sa daga 2014 zuwa 2016 gwamnatin jiha da UNICEF suka riƙa bai wa iyaye naira 5,000 duk wata uku a kan kowace yarinya, a wasu ƙananan hukumomi ciki har da Bodinga, don ta zauna a aji. Yaya za a ba uwa da dama, mu kuma mu ƙwace da hagu?

Aibi na biyu, kuɗin namu ne amma bakin ba namu ba ne. Wa ke fasa asusu? Wa ke cire zubin adashi, ta sayar da kaza ko 'yar akuya? Mu ne. Amma ranar taron iyaye da malamai maza ne ke cika benci, su yanke, a aiko mana da saƙo ta bakin yaro. Nawa aka tara, bandir nawa na kwano aka saya, nawa kafinta ya ci, ba mai faɗa mana, mu ma ba ma tambaya, wai kunya. Haba 'yan uwa! Kuɗin anko in aka ci mana naira ɗari sai unguwa ta ji, amma na makarantar 'ya'yanmu mun yi gum. Ga shi kuwa a tsarin kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, an ware wa mata kujera, akwai kuma ƙungiyoyin iyaye mata a makarantu da yawa. Kujerar da ba a zauna ba ai ƙura take tarawa.

Aibi na uku shi ne babba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma fa karin maganar hannu biyu yake nufi. Dokar nan ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilmin matakin farko, ana bai wa jiha ne in ta ajiye nata kason. Jihar Sakkwato kuma ta sa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2015. Saboda haka rufi da benci da malami haƙƙi ne, ba alfarma ba ce. In muka saba duk abin da ya lalace mu toshe mu yi shiru, to mun koya wa mai ɗaya hannun ya sa shi a aljihu.

Abin da nake gani dai, a yi gayya amma a yi ta yadda kakanninmu suka yi. Mai kuɗi ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, maras shi ya kawo ƙarfin jikinsa: wannan ya ɗebo yashi, wancan ya buga bulo, mu mata mu saƙa tabarmi, mu cika randunan ruwa, mu zagaya gidaje mu ji dalilin yarinyar da ta kwana biyu ba ta zo ba. A karanta lissafi a bainar jama'a. A rubuta takarda da sa hannun mai unguwa da hakimi a kai ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, in an yi shiru a sake komawa. Sharaɗi ɗaya kuma kada a taɓa shi: ba a korar yaro saboda talaucin ubansa.

Ni da yayata mun haɗa mun biya wa yaran nan biyu, kashegari na ga sun wuce da jakar littattafai. Amma ban yi murna sosai ba, domin na san a bayan katangu akwai irinsu da ba su shigo talla gidan suna ba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa mu dace, amin. Taku har kullum.