Wasan da ya haye teku, da wanda aka bari a gida

Bikin Karnibal na unguwar Notting Hill a birnin Landan, wanda ake yi ƙarshen watan Agusta, ya samo asali ne daga tsibirin Tirinidad. Can bayin da aka ƴanta suka mayar da bikin iyayengijinsu dandalin shaguɓe. Da Turawan mulki suka hana kiɗan ganga a shekarun 1880, sai suka koma bugun gora, daga baya suka ƙera kayan kiɗa da durom ɗin man fetur. Bayan rikicin wariyar launin fata na 1958, Claudia Jones ta shirya bikin cikin zaure a 1959, kafin ya fito titi a 1966. Baƙin da ake ƙyama suka mamaye titin da aka taɓa farautarsu a kansa.

Ƙasar Damagaram ba baƙuwar irin wannan fasaha ba ce. A wasan kara, matasa kan hau dokin kara su kwaikwayi sarki da manyan gwamnati, jama'a na dariya, wanda aka kwaikwaya na ganin kansa. Tashen watan azumi, wanda yaran Magarya da Dungas suka sani, shi ma gugar zana ne ga marowaci da tuzuru da malamin tsibbu.

Amma in aka dubi bukukuwan Hausawa mazauna ƙetare, musamman Ranar Hausa ta Duniya da ake yi kowace 26 ga Agusta tun 2015, abin da ya fi fitowa shi ne babbar riga da rawani da kirarin fada. Kwalliya ce mai kyau, sai dai rabin gado ne. Hawan Salla yana bukatar sarki da dawaki, abin da ɗan ci-rani ba ya iya ɗauka a jaka. Tashe kuwa gwangwani da tsumma da kaifin baki sun ishe shi. Karnibal ya rayu a baƙon wuri ne saboda ya tafi da bakinsa, yana faɗin damuwar yau.

Ƙalubalen yana kan malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu. Yaron da bai koyi tsara waƙar tashe a Dungas ba, in ya yi zango a Akara ko Tamanraset, tufafi kawai zai nuna wa ɗansa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, sai fa wanda ya tafi da muryar gidan.