Ɗanyar Ciyawa Cikin Kwana Bakwai, Ba Gona Ba Taki

Idan akwai dabarar noma da ta shigo hannunmu a 'yan shekarun nan wadda ta cancanci a buga mata ganga, to ciyawar tire ce. Duk wanda ya taɓa turke rago a Talata Mafara cikin watan Afrilu, ya tsaya gaban mai harawa ya ji kuɗin dami ɗaya, zai gane abin da ya sa nake ɗaga murya haka. Ka jiƙa masara, ka baza ta a tire, ka ɗora a kan kanta cikin ɗaki, ka riƙa yayyafa mata ruwa. Babu ƙasa, babu taki, babu fartanya, babu fita bayan gari. Kwana bakwai zuwa takwas sai ka ɗago ciyawa koriya shar, ta haura taƙi guda, saiwoyinta farare fat sun sarƙe da juna kamar tabarma, har sai ka sa hannu biyu kafin ka yage ta. Wallahi har yanzu duk safiyar da na ɗaga tire sai na ce Masha Allah.

Sannan ka ga yadda dabba ke karɓarta! Ragon da ya shafe watanni bai ga komai ba sai dusa da kowar wake da busasshen kara, da ya shaƙi ƙamshinta zai fara jan igiya yana kuka. Yana cinye ganyen, ya cinye ƙwayar da ta rage, ya cinye saiwar, ba ya barin ko ɓurɓushi. Akuya mai shayarwa kuwa, ita ce ta fi kowa sanin darajar abin.

Noman ruwa zalla irin wannan, wanda masana ke kira haidurofonik, ba jiya aka fara shi ba. Wani malamin Jami'ar Kalifoniya a Amurka, William Gericke, shi ya fito da shi fili, ya raɗa masa suna a 1937, bayan ya nuna wa jama'a tumatir da ya yi tsawon fiye da mita 7 a bayan gidansa ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Daga nan abin ya zama na masu kuɗi: gidajen gilashi, famfuna, fitilu masu cin lantarki, sinadarai a kwalabe. A Kanada da wasu jihohin Amurka, inda doka ta sake wa tabar wiwi mara, masu nomanta a ɗaki sun rungumi fasahar, shi ya sa wasu samarinmu da ke kallon bidiyo a waya suke zaton don ita aka yi ta. A nan wiwi haram ce, laifi ce kuma da hukumar NDLEA ke kai mutum gidan yari a kanta, kuma ba ita ta kawo mu ba. Abin da ya kawo mu shi ne yadda wani bawan Allah ya tuɓe wa fasahar nan duk kayan tsadarta, ya miƙa ta ga talaka mai akuya biyu.

Sunansa Taleb Brahim, injiniyan aikin gona ne daga cikin 'yan gudun hijirar Yammacin Sahara da ke zaune a sansanonin Tinduf, kudu maso yammacin Aljeriya, tun 1975. Wuri ne da ƙasarsa duwatsu ce da yashi, ruwan sama sai a shekara ba a ga na kirki ba, zafin bazara yakan taɓa digiri 50. Awakin sansanin kwali da leda suke ci don babu abin kiwo. Shi kuwa ya ɗauki sha'ir, ya yi ta gwaji da kayan da ke hannu, har hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, WFP, da ƙungiyar Oxfam suka shigo a 2016 suka tallafa. Daga baya WFP ta kai dabarar wasu ƙasashe ƙarƙashin shirinta na H2Grow, ciki har da gabashin Cadi, wurin 'yan gudun hijirar Sudan. Ni wannan mutumin gwarzona ne. Bai jira a kawo masa na'ura daga Turai ba. Ya dubi ƙwayar hatsi ya ga cewa Allah Ya riga Ya ɗaure mata guzurinta na mako guda a cikinta, ruwa da iska kawai take nema. Idan ciyawa ta tsiro a Tinduf, mene ne zai hana ta tsirowa a Bakura?

Wani zai ce mu da muke da madatsar ruwa ta Bakalori me ya haɗa mu da dabarar mutanen hamada. Gaskiya ne muna da ita, kuma ina cikin masu alfahari da ita. An kammala madatsar a kan Gulbin Sakkwato a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta, tafkinta na ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, aka tsara ta shayar da hekta 23,000 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. Iyayenmu sun biya ta da tsada, domin a Afrilun 1980 'yan sanda sun buɗe wuta kan manoman da suka fito neman diyyar gonakinsu. Ɓangaren da aka shirya wa injinan feshin ruwa, wanda shi ne mafi girma, ya mutu tun da daɗewa, sai da shirin TRIMING na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014, ya zo gyaran hanyoyin ruwa. Bakalori ta ba mu shinkafa da dankali da kayan lambu, Allah Ya ƙara mata albarka. Amma ba kowa ke da fili a cikinta ba. Bazawarar da ke tsakiyar gari da tumaki uku ba ta da shi. Sannan ga abin da duk muka sani: daji ya zama abin tsoro. Yaron da a da yake ɗaukar lauje ya hau keke ya yanko ciyawa a fadama, yau uwarsa ba za ta bar shi ya wuce bakin gari ba, musamman ta wajen Maradun. Lokacin da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako ta hana safarar dabbobi a Satumbar 2021, kowa ya ga yadda kiwon gida ke komawa kan abin da ke cikin gidan kaɗai. Ciyawar tire a bayan ƙofarka take tsirowa, kana kulle ta da kwaɗo ka kwanta.

Ga mai farawa, abin da sauƙinsa har ya fi yadda ake zato. Ka nemi masara ko alkama mai kyau, ta ci, wadda ba a zuba mata maganin ƙwari ba. Irin shuka da aka turmusa da jan magani ko shuɗi kada ka kusance shi, guba ne ga dabba. Ka wanke, duk ƙwayar da ta taso saman ruwa ka kwashe ka zubar. Ka jiƙa ta kwana, da safe ka tsane, ka ƙulle ta a jiƙaƙƙen buhun algarara yini ɗaya ko biyu har ka ga farin baki ya leƙo. Sai ka baza a tiren roba da ka huda wa ƙasa da ƙusa mai zafi, kaurin kada ya wuce gaɓar yatsa ɗaya. Kantar ta ɗan karkata, don ruwa ya bi ya fita, kada ya kwanta. Kwancin ruwa shi ne ke kawo tsami da wari. Ka yayyafa sau uku zuwa huɗu a yini, ranar zafi ka ƙara. Hasken da ke shigowa ta taga ya ishe ta yin kore, rana kai tsaye ƙona ta take yi. Ba ka bukatar wutar NEPA ko kaɗan, wanda a wurinmu wannan kaɗai ya isa a yi mata guɗa.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta jeri. Ka tanadi tire bakwai ko takwas, kowace safiya ka zuba ɗaya. Bayan mako, kowace safiya kana ɗage ɗaya, ka wanke shi, ka sake zubawa. Shi ke nan girbi ya zama na kullum, rani da damina, ba ka jiran hadari ba ka jiran a saki ruwa a kanal.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon kowa ya riƙe da hannu bibbiyu: ban da dawa. Na san ita ce ta fi yawa a rumbunanmu, kuma ita hannu zai fara kaiwa. Amma tsiron dawa yana ɗauke da guba mai kashe dabba cikin ɗan lokaci, irin wadda makiyaya suka sani a sabon tohon dawa, shi ya sa suke kore shanu daga gare shi. A ƙaramin tsiro ta fi ƙarfi. Masara, alkama, sha'ir in an samu, su ne na wannan aiki. Abokin gaba na biyu shi ne fumfuna. Idan ka ga baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗi a gindi, ko ka ji wari, ka zubar da tiren gaba ɗaya, kada tausayin masara ya sa ka ba dabba. Wanke tire da ruwan Hypo a shanya a rana kafin sabon zubi, da barin iska ta ratsa ɗakin, su ke maganinta. Tsiron ya fi jin daɗi a yanayin da bai kai digiri 30 ba, alhali bazararmu tana wuce 40, don haka a Maris da Afrilu sai a rataya jiƙaƙƙun buhuna kewaye da kantar, iska ta bi ta cikinsu ta yi sanyi. Ɓera da kaji kuma suna son abin kamar yadda rago ke so, a tanadi raga.

To, lissafi fa? A nan ma ina ƙaunarta, don ba ta bukatar a yi mata ƙarya. Kilo ɗaya na masara yakan ba da kilo 5 zuwa 6 na ɗanyar ciyawa, sha'ir kan ɗan fi haka. Sai dai mafi yawan nauyin nan ruwa ne, fiye da kashi 80 cikin ɗari. Idan aka busar da ita aka auna, ba ta kai masarar da aka zuba ba ma, domin tsiron ya ci daga guzurinsa. Saboda haka duk wanda ya ce maka ka jefar da harawa da dusa da tunkuza, bai san kiwo ba. Abin da tire ke ba dabbarka shi ne abin da kuɗi ba sa saye a kasuwar Talata cikin bazara, wato ɗanyen ganye, da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda busasshen kara ba shi da shi, da laushin da ke buɗe wa dabba ciki ta ci sauran abincinta da marmari. A fara da kaɗan, a haɗa da busasshe, a ƙara a hankali don kada ta yi zawo. Ruwan da take sha kuwa, lita 2 zuwa 3 ne kan kowane kilo na ciyawa, kuma wanda ya tsiyaye ana tara shi a bokiti a ba bishiyar zogale. Shekarar da masara ta yi tsada har tuwo na neman gagarar gida, mai hankali zai rage tire, ya bar wa mai shayarwa da ragon da ake shiryawa kasuwa.

Wata gwaggota da ta daɗe tana turka, da ta ga abin sai ta ce, "Kai ɗan nan, yanzu hatsin mutane za ka ba tunkiya?" Na ce, "Gwaggo, ai dusar da kike saye ma daga jikinsa ta fito, wannan dai kore aka mai da shi." Ta shafa ganyen, ta sansana, ta ce a zuba mata nata. Kuma ga irinta aka yi wannan sana'a. Mata su ne ke riƙe da kiwon tumaki da awaki a gidajenmu, da shi suke kayan ɗakin 'ya'yansu, da shi suke biyan asibiti. Aikin tire ba ya fitar da mace daga gida, ba ya son ƙarfi, yayyafi ne tsakanin girki da salla. Jar akuyarmu ta Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har Turai, da Balami da Uda da ake yi wa layi kafin Layya, duk sun cancanci ɗanyen ganye a watan da ƙasa ta bushe ƙayau.

Wanda hannunsa ya faɗa, akwai mataki na gaba. Bernard Kratky na Jami'ar Hawayi ya nuna yadda ake noman latas a bokiti mai murfi, ba famfo ba lantarki: ruwa mai sinadarin taki a ciki, shukar a bisa murfin, ruwan yana raguwa saiwa tana bin sa, gurbin da ya bari yana ba ta iska. Wannan yana son a sayi sinadari a auna shi daidai, don haka ba da shi ake farawa ba. A Jihar Ogun kuma Samson Ogbole ya kafa Soilless Farm Lab, inda matasa ke koyon noman kayan miya ba ƙasa. Ina ganin hotunansu ina jin kishi mai kyau. Muna da kwalejin aikin gona a Bakura, muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Mafara. Ɗaki ɗaya da kanta biyu sun isa a koya wa ɗalibai da ƙungiyoyin mata, a kuma auna mana da alƙaluma wace masarar gida ce ta fi tsiro a zafinmu, tare da masanan cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika.

Babbar Salla ta faɗo ranar 6 ga Yuni a 2025, kuma kowace shekara tana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka. Ma'ana, shekaru masu yawa nan gaba duk watannin turka a cikin rani da bazara za su kasance, lokacin da harawa ke kan ganiyar tsadarta. Mai niyya ya fara da hunturu, sa'ad da sanyi ke hana fumfuna sakat kuma masarar kaka ba ta yi tsada ba. Tiya ɗaya da tire biyu sun isa gwaji.