Jadawalin atisayen agaji na Amurka: wa zai yi, da wane harshe?

Rubutun da za mu duba a nan na ma'aikata ne, kuma bai saba shigowa hannun masu nazarin harshe ba. A Amurka, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, watau FEMA, tana da kundi mai suna HSEEP wanda yake nuna wa jihohi da birane yadda za su horar da ma'aikatansu, su kuma gwada shirinsu tun bala'i bai auku ba. An sake fasalinsa a 2007, da 2013, da 2020. Ginshiƙin aikin shi ne jadawalin horo da atisaye na shekaru da dama, galibi uku. Daga 2020 an sa shi cikin wani shiri mai faɗi da ya haɗa har da tsarin ma'aikata da kayan aiki, amma siffarsa ba ta sauya sosai ba: watanni a jere, kowane da sunan abin da aka tsara.

Tsarin yana da hikima, ba mu musanta ba. Kundin ya raba atisaye iri bakwai. Huɗu na zaune ne, ana tattaunawa; uku na aiki ne, daga gwajin abu guda har zuwa babban atisaye inda ake fitar da motoci da mutane fili. Ana hawa daga mai sauƙi zuwa mai wuya, don kada a kashe kuɗi a fili alhali ba a san wanda zai ba da umurni ba. Bayan kowane atisaye ana rubuta rahoto da jerin gyare-gyare, waɗanda ya kamata su shiga shirin baɗi. Amfanin shekaru ukun ke nan.

Matsalar tana cikin wannan “ya kamata”. A watan Yuli na 2004 an yi wani atisaye a jihar Luwiziyana, aka ƙaga guguwa mai suna Pam, aka ce ta faɗa wa birnin New Orleans. Atisayen ya hango ambaliya, ya hango dubban mutanen da ba su da motar gudu. Wata goma sha uku bayan haka, ranar 29 ga Agusta 2005, Katrina ta iso, ba a kuwa warware batun jigilar waɗannan mutane ba. A takarda an yi atisaye, an cika gurbi.

A ganinmu wannan ba ya rasa nasaba da nahawun jadawalin. Abin da ake sawa cikin gurbi suna ne: “gwajin sadarwa”, “kwashe jama'a”. Babu aikatau, babu mai aikatawa. Duk wanda ya gwada mai da irin wannan gurbi jumlar Hausa zai ga inda gizo yake saƙa, domin jumlar ba ta tsayawa sai an zaɓi lamiri da lokaci. “Za mu kwashe” alkawari ne, “a kwashe” umurni ne, “za a kwashe” kuwa mafaka ce, wadda ma'aikatun ko'ina suka san daɗinta. Gurbin yana ƙyale marubuci ya ƙi zaɓa. Gaskiya ne jerin gyare-gyaren yana neman a ambaci hukumar da nauyi ya rataya a wuyanta da ranar gamawa, to amma wannan takarda ce daban, kuma jadawalin ne ake kai wa shugabanni.

Abin mamaki, hukumomin Amurka sun san cewa harshe yana iya wargaza agaji. Ƴan sandansu sun daɗe suna magana a rediyo da lambobi, kuma lambar 10-13 da take nufin jami'i yana neman ɗauki a New York, a wani tsohon jerin tambayar halin hanya da yanayi ce. Tsarin ƙasa na tafiyar da agaji da aka fitar a 2004 ya buƙaci a yi magana a sarari duk lokacin da hukumomi daban-daban suka haɗu. Wannan gyara ne na gaske, amma tsakanin ma'aikata ya tsaya.

Saura jama'a. A gabashin New Orleans akwai dubban ƴan asalin Biyetnam, da yawa daga tsofaffinsu ba su jin Ingilishi sosai. Umurnin shugaban ƙasa na shekarar 2000, wanda ya ɗora wa hukumomin tarayya nauyin kula da marasa jin Ingilishi, an soke shi a watan Maris na 2025, lokacin da aka ayyana Ingilishi harshen hukuma. Saboda haka nauyin ya ƙara komawa kan mai tsara jadawali a jiha ko birni. Idan a cikin shekaru uku bai ware wata guda ba da zai karanta sanarwar gudu ga mutanen unguwa da harshensu, ya tambaye su abin da suka ji, to rediyonsa da motocinsa kawai ya gwada.